Bencin da Abba Bai Taɓa Zama a Kai Ba

A ƙofar shagon Baban Sabon Gari akwai wani dogon benci na katako, ƙafarsa ɗaya an tokare ta da guntun bulo. Duk layin masu gyaran rediyo da talabijin an san amfanin bencin nan. In ka kawo gyara kana tsoron kada a zare maka kayan ciki na asali a mayar da jabu, sai ka zauna a kai, a kwance na'urar a gabanka, a gyara kana kallo. Mai shagon ba ya hana kowa, ba ya kuma ɗaure fuska, don baƙo bai san shi ba. Amma wanda ya san shi ajiye kayansa yake yi ya kama gabansa, in an gama ya dawo ya ɗauka.

Abbana ya haura shekara talatin yana kai masa gyara, bai taɓa zama a bencin nan ba. Ko hira ce ta kai shi, a tsaye yake yin ta yana dafe da kantar shagon. Da bakinsa yake faɗa mana a gida, har da ɗaga kafaɗa: "Ni da mutumin nan babu benci a tsakaninmu." Mu Barebari ne, tun zamanin kakanmu muke Fagge, Abba kuma yana da shagon kayan masarufi a kasuwar Singa. Shi Baban Sabon Gari Ibo ne, amma a Kano aka yanke cibiyarsa, Hausarsa ma ta fi ta Kaka fita. Kaka ita ce mahaifiyar Abba, shi ke gyara mata rediyo, ita kuma duk ranar da ta haɗa turaren wuta sai ta ƙulla na matarsa daban. Mama yake ce wa Kaka. Mu yara muka tashi muna ce masa Baba, sai aka ƙara Sabon Gari don a bambanta shi da sauran iyaye.

Ni ce na zauna a bencin. Gara in faɗa tun yanzu, don ba na son ɓoye-ɓoye, kuma duk wanda ya san ni ya san Allah ya yi ni da saurin hawa da bakin da ba ya jiran izini.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin lantarki, aikina kuma a kan eriya ne. Da na ce eriya sai mutane su hango gora da ƙarfe a saman kwano. Tawa ko tafin hannu ba ta cika ba. Allo ne siriri, fuskarsa shafe da jan ƙarfe, an yanka masa tsaga uku. Eriyar da aka saba da ita, yadda aka yanke ta haka za ta ƙare, mita ɗaya take kamawa. Ni kuwa so nake tawa ta riƙa sauya mita, yanzu ta yi wa layin waya aiki, an jima ta koma na intanet, ba tare da an cire ta an sa wata ba. Dabarar tana wurin wasu 'yan mitsi-mitsin makunnai da ake kira dayod, kowanne bai fi ƙwayar riɗi ba. Ana ɗora su a kan tsagar su haɗa gefe da gefe. In aka ba su 'yar wuta sai hanya ta buɗe, eriyar ta ƙara tsawo a wurin sigina, in aka ɗauke wutar ta gajarce. Wata shida na yi ina zana ta a kwamfuta, in rage tsaga, in ƙara, in sake ragewa, har idona ya fara ruwa. A kwamfuta kam tubarkalla, ba abin da ba ta yi.

Malamin da ke duba aikina ya ba ni dayod goma sha biyu a 'yar leda mai sheƙi. Ya ce daga waje ya taho da su, babu irinsu a Kano, in na ƙarar da su to in nemi wani aikin in fara daga farko. Eriyar uku take ci. Liƙa abu kamar ƙwayar riɗi da dalma kuwa sai mai hannu, ni nawa rawa yake ko allura zan zura. Abba ya ce me nake jira, in kai wa Baban Sabon Gari.

Ranar da na kai masa ya sa gilashinsa mai ƙara girman abu, ya juya allon gaba da baya, ya ce, "Injiniya, wannan eriya ce ko biskit?" Muka yi dariya. Ya tambaye ni wace mita take kamawa, ina ne kan dayod ina ne gindinsa, zafi nawa yake jurewa. Ya ɗauki hoton zanena da wayarsa, ya ce idonsa ya tsufa, sai ya buɗa shi zai gani. Na ajiye masa kaya na tafi, yadda 'yan gidanmu suke yi. Ran Laraba na koma, ya miƙo min ita a cikin gwangwanin alawa, naɗe da farar takarda.

"Kada ki buɗe sai a makaranta," ya ce. "Kada kuma hannu ya taɓa fuskarta, gumi ma ɓata ta yake."

Na'urar da ake auna eriya a makarantarmu guda ɗaya ce tal, ran Litinin kaɗai ake ba mu ita. Don haka gwangwanin sai ya kwana biyar a gida. Gidanmu kuwa ya cika da 'ya'yan yayyena, waɗanda in suka samu abu sai sun ga hanjinsa. Wuri ɗaya ne ba sa shiga, ɗakin Kaka, inda nake kwana. Na ɗora gwangwanin can saman kabad ɗinta, kusa da farantanta na tagulla, na ce nan ko aljani sai ya yi sallama.

Ran Litinin na warware takardar a ɗakin gwaji. Wayyo, kyau! Jan ƙarfen yana walƙiya kamar sabon ɗan kunne. Na ce a raina lallai Baba ya iya aiki. Mai kula da ɗakin gwajin, wani dogon mutum mai yawan tsaki, ya jona ta da na'ura. Layi ya fito a allo. Na ba dayod wuta, ina jiran layin ya yi tsalle ya koma wata mita. Ko gezau. Na ɗauke, na mayar, na sake ɗaukewa. Layin yana nan inda yake, ya miƙe ƙafa. Mutumin ya duba da madubi, ya ce biyu sun mutu, na ukun ya karkace.

"Wa ya liƙa miki?"

Na ce wani babanmu ne a Sabon Gari.

Ya yi tsaki, ya yi 'yar dariya. "Ke ma dai. Kin ba kura ajiyar nama. Kayan waje irin wannan, kin ajiye kin tafi? Ai zare na kirki ake yi a ɗora miki matattu. Kuma dubi yadda ya goge ta. Dalma tana barin tabo, kowa ya sani. Mai goge aiki haka sawu yake sharewa."

Na hau shi da faɗa. Na ce bai san wa yake magana a kai ba, mutumin nan ya girmi ubansa a mutunci. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Na fito ina huci. Amma maganar ta riga ta shiga, tun a adaidaita sahu na ji tana min kai-kawo.

Da na mayar wa Baba eriyar, sai ya yi wani abu da ya tsaya min a rai. Bai fara da gilashi ba. Ya ɗaga allon ya kai hancinsa ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Sannan ya ce, "Ba haka ta bar hannuna ba."

Na ce to ni dai ban buɗe ba sai a makaranta.

"A ina kike ajiye ta?"

"Ɗakin Kaka. Ba mai shiga."

Ya yi shiru. Ya sosa gemu, ya kalli titi, ya ce, "To." Shi ke nan abin da ya ce. Ni kuwa wannan shirun na ɗauke shi na juya shi ta kowace fuska. Mai gaskiya ai rantsuwa zai yi, ko ya yi faɗa. Me ya sa ya kasa haɗa ido da ni? Ya ja aljihun tebur zai ɗauko dalma, na hango 'yan ledoji cike da ƙananan kaya masu kama da nawa. A da na sha ganinsu ban taɓa kawo komai ba. Ran nan kuwa sai zargi ya shige ni. Duk da haka na ƙirga masa uku daga ledata, na ajiye na tafi, amma ƙafata ce kawai ta tafi.

Satin nan ban yi karatun kirki ba. Komai na tuna sai ya zama shaida. Me ya sa ya tambayi mitar? Mai liƙa dalma ina ruwansa da mita? Hoton zanen nan da ya ɗauka, wa ya nuna wa? Na tuna na taɓa ganin wani mai jakar kwamfuta a shagon suna magana ƙasa-ƙasa, na ce ƙila ɗalibin wata makaranta ne, ƙila aikina na wata shida yana can yana yawo da sunan wani. Na tuna sabon fentin da ya yi wa ƙofar shago. Har barkwancin biskit ɗin nan na dawo da shi, na ce raina abin yake yi don kada in san darajarsa. Biri fa ya yi kama da mutum. Abin haushin, in na tuna yadda yake ɗaga ni sama ina ƙarama sai in ji kunya, in kunyar ta wuce kuma sai in ƙara jin haushinsa, wai ya ci amanar da ta kai haka.

Na karɓo ran Laraba, a naɗe, ban buɗe ba. Ran Litinin ga ta tana ƙyalli fiye da na farko. Wannan karon ba a ma kai ga jonawa ba. Tsaga ta uku babu komai a kai, sai 'yar dalma a gefe da gefe. Uku na bayar, biyu na gani, su ma matattu. Mai kula da ɗakin gwaji tsaki kawai ya yi, ni kuwa tsakin nan ya fi min zagi ciwo. Saura shida a leda, ranar kare aiki kuma tana matsowa.

Daga makaranta Singa na wuce. Na samu Abba a bakin shago, ana sauke katan-katan na taliya. Na ja shi gefe na zayyana masa komai, da ƙyallin, da shinshinar, da aljihun tebur, da dayod ɗin da ya yi ɓatan dabo. Ya saurare ni har na gama.

"Kul," ya ce. "Kada in sake ji."

"Abba, ruwa ba ya tsami banza."

"Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Balle wannan."

Na ce masa shi rediyo yake kai masa, rediyo kuwa ko an zare masa rabin ciki zai yi magana, wa zai gane? Wallahi haka na ce wa mahaifina a tsakiyar kasuwa. Ya dube ni ya daɗe.

"Eriya in ta lalace a sake wata," ya ce. "Digiri in ya kuɓuce a sake nema. Mutumin nan kada ki taɓa min shi."

Na ce to. Amma to ɗin baki ce.

Washegari da hantsi na bi ta Titin Ibrahim Taiwo na shiga Sabon Gari. An yi ruwa da asuba, layin duk caɓi, janareto na ta ruri, kowane shago da waƙarsa. Na dire gwangwanin a kan kanta ko gaisuwar kirki ban yi ba. Ya buɗe, ya ga tsagar da babu komai, ya sake kai allon hancinsa. Ya ce in bari, in dawo gobe.

Na juya, na share bencin da gefen mayafina, na zauna.

Ban taɓa sanin layin nan yana iya yin shiru ba. Mai shagon da ke kallon nasa ya rage rediyo. Mai sayar da wayar wuta ya fito ya tsaya a ƙofa. Duk sun san ni, sun san 'yar wace ce ni, wasu tun ina goye suke ganina. Baba ya cire gilashinsa a hankali.

"'Yar Alhaji, kin san bencin nan na su wa ne?"

"Na sani."

"Tashi ki shigo ciki, ga kujera. Akwai maganar da zan faɗa miki."

"A nan zan ji."

Ya rage murya. "To kafin ki yanke hukunci, je ki tambayi gida."

Nan fa na tashi da wuta. Gida? Gidanmu zai ɗora wa? Na ɗaga murya yadda har na ƙarshen layi zai ji. Na ce uku na kawo, biyu na gani, ina ɗayan? Na ce kayan waje ne, na san darajarsu ko da an ɗauka ban sani ba. Na ce yau a gabana za a yi, ƙwaya-ƙwaya, in ga mai zarewa. Ban ce ɓarawo ba, wannan kalmar kaɗai na rage, amma duk wanda ke wurin ya ji ta. Magana zarar bunu ce, na sani tun ina faɗa, bakina dai ya ƙi tsayawa.

Ya jawo tebur ɗinsa zuwa bakin ƙofa, inda yake yi wa baƙi. Ya shimfiɗa farar takarda. Ya ce in zuba uku da hannuna. Kowanne sai ya ɗaga da ɗan hantsaki ya nuna min kafin ya ɗora. Ya fi awa ɗaya yana yi. Ni da na zo kama hannu, sai ga ni ina kallon hannun da ban taɓa tsayawa na kalla ba. Mutum mai furfura, yatsu duk tabon ƙuna, amma in ya kai bakin ƙarfen liƙi kan allon sai ya ɗauke numfashi, hannun ya tsaya cak. Ban ga ya zare komai ba. Na ce a raina ai dole, ido na kansa.

Da ya gama ya turo min. Allon ya dushe, ga tabo ruwan ƙasa kewaye da kowace tsaga, ga sawun hayaƙi.

"Yau ba za a goge ba?" na ce, da gatse.

"Ban taɓa gogewa ba," ya ce. Ya naɗe ta ya sa a gwangwani. "Ki gaida Mama."

Na ɗauka ƙarya ce ta wanda aka ritsa. Na koma gida ina jin na yi nasara, na mayar da gwangwanin saman kabad. Abba ya dawo daga kasuwa, na gaishe shi bai amsa ba. Tsakanin Sabon Gari da Singa labari ba ya buƙatar mota.

Ran Alhamis kullum a makaranta nake wuni. Wannan Alhamis ɗin malami bai zo ba, na dawo gida kafin azahar. Ina shiga tsakar gida na tarar da Kaka a kan tabarma ta baje kayanta, farantan tagulla, da butar shayi, da kaskon turare, da ƙwaryar toka, da lemon tsami an raba biyu-biyu. Aikinta ne na kowace Alhamis tun kafin a haifi Abba, don Juma'a ta samu kaya suna haske. Na san da haka sarai. Abin da ban sani ba shi ne gwangwanin alawa yana cikin layi. Ga shi a buɗe a gefenta, takardar an ninke ta tsaf. Eriyata tana kan cinyarta, ta matse mata lemo, ta barbaɗa toka, tana dirza da soso tana 'yar waƙarta ta Barbarci.

"Yauwa ƙawata, zo ki gani," ta ce. "Mutumin nan kullum sai ya dawo miki da abin nan da datti. Na ce 'yata za ta kai gaban malamai, a ce daga gidan ƙazamai ta fito? Jan ƙarfe ba a barinsa ya dushe. Gidan da jan ƙarfe ya dushe babu mace a ciki." Ta ɗaga shi a rana tana murmushi. "Wancan satin ma wata 'yar tsakuwa ce ta maƙale a jiki, da ƙyar na ɓamɓare ta da farce."

Na zauna a ƙasa cikin ruwan toka. Wa zan yi wa faɗa? Tsohuwar da ta naɗe takarda yadda ta same ta don kada in san ta yi min wahala? Sai na ji ƙamshin da ke tashi daga allon, lemon tsami da turaren wutar da ya kama komai na ɗakinta, na tuna hancin Baba. Kuka ya ƙwace min, irin mai sauti, na rufe fuska da mayafi.

Da na yi mata bayani ta saki soson, ta dafe ƙirji tana salati. Ta ce ita za ta je ta ba shi haƙuri, a nemo mata lafayarta. Abba, da aka kira shi daga kasuwa, ya ce ba inda za ta, ita gyara ta yi niyya. Sannan ya juyo gare ni, karo na farko tun ran Talata.

"Inda kika zauna, can za ki je ki tsaya. Da irin muryar da kika yi wancan."

Ran Asabar na je, lokacin da layin ya fi cika. Na tsaya a gaban bencin. Na ɗaga murya. Na ce jama'a ku shaida, abin da na faɗa a nan ran Talata ƙarya ne, Baba bai taɓa min komai ba, a gidanmu aka goge allon da toka, ni ce ban bincika ba, ni ce mara kunya. Wani ya ce Allah ya kyauta. Wani ya ƙara rediyonsa. Waɗanda suka ji na farko ba duka ne suke nan ba, wannan kuma ba yadda zan yi da shi.

Na durƙusa a bakin kanta na ce, "Baba, ka yafe min."

"Tashi, ƙasa da ruwa," ya ce. "Ya wuce."

"Ka sani tun farko."

"Shekara nawa matata tana turara ɗaki da turaren Mama? Ko a mafarki na ji shi na san shi. Ga kuma lemo."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In ce Mama ta ɓata miki aiki? Da bakin nan nawa?" Ya girgiza kai. "Na ce ki shigo ciki. Na ce ki tambayi gida."

Na ran Talata ma toka da lemo sun riga sun kashe su. Na fito da ledar, ukun ƙarshe, na ajiye a kan kanta tare da gwangwanin. Na ce duk ranar da ya samu sarari, ba gaggawa. Na juya zan tafi, zuciyata ta ɗan yi sanyi, ina ganin an koma yadda ake.

"Injiniya."

Na waiwayo.

"Zauna."

Da hannu ya nuna bencin. Na ce haba Baba, ai na ce ƙarya na yi, na yarda da kai fiye da kaina.

"Na ji, kuma na yafe, Allah ya sani," ya ce. "Amma in kika tafi kika bar min su, hannuna ba zai tsaya ba. Zan riƙa tunanin in ɗaya ya faɗi ƙasa fa, in ɗaya ya zo a mace fa. Aikin nan ba ya son tunani biyu. Zauna ki gani, ni ma in samu natsuwa."

Babu fushi a muryarsa, da ma akwai da ya fi min sauƙi. Na zauna. Ya jawo tebur bakin ƙofa, ya shimfiɗa farar takarda, ya ɗaga kowanne ya nuna min.

Wannan karon a jakata gwangwanin ya kwana har Litinin. Aka jona, na ba dayod wuta, layin ya yi tsalle ya koma ɗaya mitar, daidai inda kwamfuta ta ce. Na ɗauke, ya dawo. Mai kula da ɗakin gwaji ya ce ashe na canza mai liƙi. Na ce masa shi ne dai, kuma in ya sake yi min tsaki a kansa sai mun kwashi 'yan kallo. Na kare aikina da allo mai tabo, ba wanda ya tambayi dalilin dattinsa. Na yi murna, ba zan ce ban yi ba, amma ba irin wadda na yi wata shida ina hasashe ba.

Yanzu ni ma koyarwa nake, eriyoyin da nake zanawa sun fi waccan wuya, har da masu juya kunne su bi inda sigina take. Har gobe ba ni da mai liƙi sai shi. Yana tsokanata, yana tambayar mita, yana aiko wa Kaka gaisuwa, ita kuma ta daina taɓa duk abin da ke cikin gwangwani, ko alawar gaske ce sai ta tambaya. Sau uku ina gwada ajiye aiki in sulale, sau uku yana kirana kafin in kai bakin titi. Na daina gwadawa.

Kwanan baya muka je tare da Abba, shi da rediyon Kaka, ni da sabon allo. Suka gaisa, suka taɓa hira a tsaye, Abba yana dafe da kanta. Ya tura rediyon, Baba ya ce ya dawo jibi. Abba ya ce min shi zai wuce kasuwa, ya kama hanya bai waiwayo ba. Ni kuwa na share bencin da gefen mayafina na zauna.